Madubin da Na Saya wa Baba

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji game da kakanku Labbo, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa muku a gabana. An ce ya harbe amininsa Altine da gangan a dajin Gundumi, an ce kuma alhakin jinin ne ya makantar da shi. Altinen nan shi ne mahaifin uwarku Kulu, don haka kuka tashi tsakanin gida biyu da ba sa gaisawa. Harbin gaskiya ne, an yi. Sauran maganar ba haka take ba, kuma ni kaɗai na rage da na san yadda aka yi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan taɓo, ku yi haƙuri ku karanta a hankali. Sunan ubana nake son wankewa, kuma ba zai wanku ba sai nawa ya ɓaci.

Baba shi ne Sarkin Baka na yankinmu, wato shugaban maharba, tun daga ƙauyukan Marnona har bakin Gundumi ta wajen Rabah. Gajere ne baƙi, ba ya son yawan magana, kuma ba ya son a riga shi ganin abu. Bindigarsa harba-ka-ruga ce, wadda ake ɗura wa albarushi da gutsattsarin ƙarfe ta baki. Ba ta cin nisa, sai ka matso dabba kamar taku talatin, kuma in ta tashi watsa ƙarfen take yi, ba ruwanta da na gefe. Saboda haka maharban Gundumi ke da wata doka da ta girmi kowa. Duk wanda zai shiga wani yanki na dajin, sai ya tsaya a bakin turba ya ƙulla ɗanyen ganyen kaba, nan ƙasa daidai gwiwa. In zai sa kan burtu, ƙulli biyu zai yi. Kun san burtu, baƙin tsuntsun nan mai yawo a ƙasa, wanda namun daji ba sa gudu. Maharbi kan ɗaura busasshen kansa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana saran ƙasa har ya shiga tsakiyar garke. Wanda ya zo daga baya ya ga ƙulli, juyawa yake ya nemi wani wuri. Altine ya fi kowa gwaninta a burtu, har Baba kan tsokane shi wai wata rana tsuntsayen za su ba shi mata.

Ni kuwa Allah ya ba ni ido ya hana ni hannu. Ina iya hango kunnen gada cikin geza tun daga nesa, amma da na ɗaga bindiga sai ta kama rawa kamar na sha sanyi. Baba ya yi faɗan har ya gaji, ya bar ni da ɗaukar gora da nama. Ina da aure, gemu ya fara fito mini, lokacin da na lura da abin da ke damunsa. Muna tafe da hantsi ya tsaya cak, ya nuna gaba da haɓa.

"Mamman, mi a can gindin sabara?"

"Kututture na, Baba."

"Na sani. Gwada ka nika yi."

Ya gwada ni sau uku a wannan rana, shi da bai taɓa tambayar kowa komai a daji ba. Da muka zauna shan ruwa na saci kallon idonsa, na ga wani fari-fari ya fara kwantawa a kan baƙin. Yanar ido ce. Daga ranar muka sake salon aiki. Ni ke karanta sawu, ni ke duba bakin turba ko akwai ƙulli, ni ke ƙulla namu. In mun matso nama sai in kwanta a bayansa, in dafa kafaɗarsa in juya shi har bakin bindigar ya daidaita, in danna masa yatsa a baya, kowane danni taku goma. Shi abin da yake gani ja-ja ne ko baƙi-baƙi mai motsi, amma hannun nan bai manta aikinsa ba. Shekara biyu muna haka, nama bai yanke a gidanmu ba, mutane na cewa Sarkin Baka sai ƙara gwaninta yake yi da tsufa. Daga ni sai Inna muka sani. Uwarku tana gidan, amma kun san kunyar suruka a wancan zamani: ba ta ɗaga kai ta dubi fuskarsa, in ya shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. Gidansa kuwa ya san shi kamar tafin hannunsa, ba ya tuntuɓe.

Inna ta yi ta fama da shi ya haƙura. Na tuna wata rana tana tankaɗe a tsakar gida, Kulu ta tafi rijiya, ta ce masa:

"Sarkin Baka, abin ga ba shi ɓoyuwa har abada. Ko tabarau a sawo ma, irin na liman."

"Liman takarda shika farauta," in ji Baba. "Ran da kinka gan ni da tabarau, ran nan na aje bindiga. Kuma ran da na aje ta, ki hwaɗa mani mi za ni zama cikin garin ga."

Inna ta ci gaba da tankaɗenta. Ni kuma a raina na fara gajiya, kuma gara in faɗa muku gaskiya tun nan. Tsararrakina sun koma lambu a fadamar Wurno, suna noman albasa da jigo, suna ɗinka riguna, wani har ya sayi keke. Ni kullum ina kwance a bayan tsoho cikin ƙaya, in an kashe nama a ce Sarkin Baka, ba mai cewa Mamman. Ga Kulu da cikin fari. Wani abokina ya ce zai ba ni fangali a bakin gulbi in ina so, amma ban-ruwa da safe ake yi, farauta ma da safe. Mutum ba ya rabuwa biyu. Ban iya buɗe baki na ce wa Baba na gaji ba, sai na fara neman abin da zai tsaya a madadina.

Shekarar ce sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama. Bayan an gama girbi na kwashi fatun da muka tara na kai kasuwar Goronyo, na sayar, na sami 'yan sulalla da ban taɓa riƙe irinsu ba. A bakin rumfar masu tabarma na ga taro, na kutsa. Wani tsohon soja ne, ana ce masa Kofur Dikko, kunnensa ɗaya ba ya ji, ya shimfiɗa bargon soja ya baza kaya: bel, gorar ƙarfe, takalma, da madubai biyu na hangen nesa irin na Turawa. Ɗaya gajere ne baƙi mai ido biyu, da igiyar ratayawa. Ɗayan dogo ne na farin ƙarfe mai ido ɗaya, ana zuƙo shi ana mayarwa, gefen gilashinsa ya ɗan tsage. Na ɗora mai ido biyun na dubi ƙetaren gulbi, sai ga garken shanu gaba ɗaya a gabana, da makiyayin, da karensa, da bishiyoyin da ke kewaye. Na ɗora dogon, na yi ta lalube har na kama saniya ɗaya. Wannan karon har ƙudajen da ke bakin idonta na gani, amma ita kaɗai, ba sama ba ƙasa. Sojan bai cuce ni ba, kada wani ya ɗora masa. Da babbar muryarsa ta wanda ba ya ji sosai ya ce:

"Samari, in farauta za ka yi, ɗauki mai ido biyu. Shi ka nuna ma daji duka. Wanga dogon shina jawo nesa ƙwarai, amma awa leƙe ta cikin kara na. Ka ga kunnen akuya, ba ka ganin mai akuya."

"Ba nawa na ba, na tsohona na."

"To ina tsohon? Kawo shi shi gwada. Madubi awa takalmi na, ba a aiken saye."

Na yi dariya na ce tsohon yana nesa. Kuɗin mai ido biyu shi ne kusan duk abin da ke aljihuna, dogon kuwa bai kai rabin haka ba. Kusa da sojan akwai wani ɗan koli da faifan tabarau, masu araha ƙwarai. Na tsuguna na gwada ɗaya, na ga zanen tafin hannuna ya fito ɓaro-ɓaro, na tuna maganar Inna, na kuma tuna amsar Baba, na mayar. Na yi ta zagaya kasuwar ina lissafi da zuciyata har rana ta karkata. In na sayi mai ido biyu, babu kuɗin irin albasa, babu igiya da gugan jigo, lambu ya faskara ke nan sai baɗi. In na sayi dogon, ga madubi ga lambu. Na ce wa kaina ai idon Baba ya yi rauni, wanda ya fi jawo abu kusa shi ya fi dacewa da shi. Hujja ce mai kyau, har ni na yarda da ita. Na koma na biya, sojan ya naɗe mini shi a tsumma yana girgiza kai.

Ba zan manta da ranar da na ba Baba ba. Na ja shi bayan gari, na zuƙo madubin, na ɗora masa a idonsa na dama wanda ya fi dama-dama, na juya shi wajen wata kuka. Ya daɗe yana murɗawa. Sai na ji ya ja numfashi.

"Hankaka," ya ce. "Biyu. Guda ya ɗaga ƙahwa."

"Haka na, Baba."

"Ga hwarin wuyan nan. Mamman, ga hwarin wuyan nan!"

Hawaye suka zubo masa, ya goge da hannun riga ya ce iska ce. Ya yi ta juyawa yana kiran sunan abin da ya gani, ga jaki, ga rumbun wane, ga mata can da tulu, yana dariya kamar yaron da aka yi wa sabon wando. Na yi murna ta gaskiya a ranar, ban ƙi ba. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wata, ta wanda ya sami hanyar sauke kaya. Abin ya ma fi tabarau ta wani wajen, don ba ya tona asiri. Duk wanda ya gan shi da madubin sai ya ce Sarkin Baka ya zama Bature. Muka fita tare sau biyu, ya hango barewa da kansa tun daga nesa, muka rarrafa, ya sauke madubin ya ɗaga bindiga, na dafa kafaɗarsa kamar kullum, ya kayar. Ban tsaya na tambayi kaina ko madubin ne ya yi aikin ko hannuna ba. A hanyar dawowa ta biyu na kawo maganar lambu ina in-ina. 

"Tahi lambunka," ya ce. "Kai ma kana da iyali. Na riƙe ka da yawa."

Inna ce kaɗai ta ƙi. Ta same ni ina gyara igiyar jigo, ta tsaya a kaina, murya ƙasa-ƙasa don kada Kulu ta ji.

"Ƙarhen ga da kas sawo, shina da baki? In ubanka ya taka maciji, shi ka hwaɗa mai?"

"Inna, ai yanzu shina gani."

"Shina ganin Goronyo daga nan. Jiya ya zuba hura bisa tabarma, ƙwaryar na gabanai."

Na ce mata tsoro ne irin na mata. Allah ya jiƙanta, ba ta sake tayar mini da maganar ba, ko bayan abin ya faru.

Sau uku Baba ya fita shi kaɗai ya dawo lafiya, sau ɗaya ma da gada a kafaɗa. Albasata ta kama, fangali ya yi kore shar, na fara jin ni ma mutum ne. Ranar fitarsa ta huɗu ina kan jigo da hantsi, na ga wani Bafillace dattijo na saukowa fadama da sauri yana tambayar ɗan Sarkin Baka. Ya ce in bar gugan in zo. Suna kiwo ne a gefen Gundumi suka ji harbi, can kuma suka ji mutum na ihu ba ƙaƙƙautawa. Da suka isa sun tarar da Baba zaune a ƙasa, ya rungume Altine, kan burtun na rataye a wuyansa, baƙin zanen ya jiƙe. Ƙarfe ya sami Altine a wuya da ƙirji. Kafin su kai shi gari ya cika.

Maharba suka tafi suka duba wurin a ranar, kamar yadda aka saba. A bakin turbar da Baba ya bi suka ga ƙulli biyu a jikin kaba, ɗanye shar, na safiyar nan. Ga sawun Baba ya wuce ta gefensa, har ƙafarsa ta taka ganyen. Kafin la'asar maganar ta gama gari. Sarkin Baka, mai idon da ke hango barewa kafin kowa, ba zai wuce ƙulli biyu bai gani ba. Sai aka tono tsohon zance, cewa shekara ashirin da suka wuce Altine ma ya nemi sarautar baka bai samu ba, har sun yi shekara ba sa magana. An manta cewa sun shirya, an manta aurena da Kulu shi ne shaidar shirin.

Washegari aka bar ni na gan shi a zauren hakimi kafin dogarai su wuce da shi Sakkwato. Yana zaune a kan buzu, jinin bai gama fita daga farcensa ba. Na durƙusa, ya laluba ya kama wuyan hannuna, ya faɗa mini yadda aka yi. Ya hau wani suri ya ɗora madubin, ya hango barewa namiji na kiwo, shi kaɗai a cikin da'irar. Bai ga komai a gefe ba. Ya rarrafo, ya sauke madubin, ya ga ja-ja na motsi, ya harba. Altine na bayan garken, ya kusa shiga tsakiyarsu. Madubin kuwa ya ce ya cusa shi a ramin gara kafin Fulanin su iso. Na ce zan tashi in faɗa wa hakimi gaskiya, cewa shekara biyu ba ya gani. Ya matse hannuna har na ji zafi.

"In kac ce ba ni gani, mi za su tambaya? Wa ab bar makaho da bindiga cikin daji. Ɗiyar mutumin ga na ɗakinka da ciki. Ran da danginta sunka ji, ran nan za su ɗauke ta, kuma ɗan da za ta haihwa ba ka ganinai."

"Baba, cewa sukai da gangan ka yi."

"Su ce. Ni na ci zamanina."

Na zaci ya gama. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba:

"Bai mutu nan take ba. Ya gane ni. Bai zage ni ba, Mamman. Cewa yay yi, Labbo, ina yaron? Yau ina yaron naka?"

Nan na gane Altine ya daɗe da sanin komai. Ya ga yadda nake bin Baba, ya ga yadda nake kwanciya a bayansa, ya rufa wa amininsa asiri bai faɗa wa ko 'yarsa ba. Ya yi ƙullinsa ya shiga daji da kwanciyar hankali, don ya san akwai mai dubawa. Ni ne mai dubawar, ina can ina ba albasa ruwa.

A gaban alƙali ina zaune a bayan mutane. Aka tambayi Baba ko idonsa lafiya, ya ce lafiya lau. Aka tambaye shi ko ya ga ƙullin, ya ce ya gani, ya ɗauka na jiya ne. Maharban da suka zo shaida suka dubi juna, don ko almajirin farauta na wata ɗaya ya san ɗanyen ƙulli da na jiya. Ba a sami shaidar ganganci ba, don haka ba a kashe shi ba, aka karɓe bindigar aka ɗaure shi shekara uku. Amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin. Ban ce duk don ni ya yi ba, akwai girman kai a ciki, Baba ya fi son a ce masa mugu da a ce masa makaho. Sai dai ni na ci ribar, kuma na karɓa.

Kulu ta haifi babbanku a gidansu a Magarya. Da aka yi arba'in baffanta Maccido, ƙanen Altine, ya ce ba za ta koma gidan da aka kashe ubanta ba. Na je biko, ya bar ni tsaye a rana bai ko ba ni tabarma ba. Uwarku ta fito da goyo ta durƙusa a gabansa, tana kuka tana magana.

"Baffa, hannun ubanai na, ba nashi ba. Shi yana lambu, bai san komi ba. Mi yay yi da za a raba shi da ɗanai?"

Ina tsaye ina ji. Da wannan maganar ta dawo ɗakina, kuma a kanta muka haife ku duka. Lambun na bar shi a shekarar, albasar ta bushe a fangali, na koma noman gero da dawa kamar kowa. Na daɗe ina zargin araha, ina cewa da na sayi mai ido biyun da Baba ya hango burtun a gefen garke. Wataƙila. Ina cewa da tabarau ɗin ɗan koli na saya da ya ga abin da ke gaban ƙafarsa. Wataƙila shi ma. Sai da na tsufa na daina yaudarar kaina. Babu ɗaya a cikin ukun da zai tsaya a bakin turba ya ce Baba dakata, akwai mutum a ciki. Na san haka tun ina zagaya kasuwar Goronyo, shi ya sa na daɗe ina zagayen.

Da wa'adinsa ya cika na je na taho da shi. Yanar ta gama rufe idanun biyu, sun yi fari fat, sai da na riƙe masa sanda. Muna shigowa gari mutane suka tsattsaya. Na ji wata tsohuwa ta ce, "Allahu akbar, alhaki kwikwiyo." Kun ji abin da ya fi yi mini ciwo. Makantar da za ta wanke shi da an san lokacin da ta fara, ita ce ta zama shaidar laifinsa. Kowa ya ce ya shiga kurkuku da idonsa garau, jinin Altine ne ya bi shi. Baba ya ji tsohuwar, ya ce mini kawai in rage sauri, akwai duwatsu. Shekara bakwai ya yi a zaure yana tufkar igiya. Maharba ba sa zuwa gaishe shi, sai ɗaya ko biyu a ɓoye. Kulu ce ke tuƙa tuwon da yake ci, ta ba Inna ta kai masa, ba ta taɓa rage masa miya ba. Sau ɗaya na tambaye ta ko tana ƙinsa. Ta ce ita ba ta san zuciyarsa ba, Allah ya sani, amma kakan 'ya'yanta ne. Na buɗe baki a ranar, na sake rufewa. Ta rasu ban faɗa mata ba, kuma wannan ba ni da wanda zan roƙa ya yafe mini shi.

Baba ya rasu da damina, ranar wata Laraba da hantsi. Mutanen da suka zo jana'iza ba su cika sahu biyu ba. Maccido ya zo, saboda Kulu, ya tsaya can gefe da sandarsa. Da aka ajiye makara, liman ya juyo ya ce kamar yadda ake yi, duk wanda ke da wani abu tsakaninsa da mamaci ya yafe masa, yau ba shi da bakin roƙo. Aka amsa an yafe, murya ƙasa-ƙasa. Sai Maccido ya ɗaga murya.

"Ni ban yahe ba. Ya ga ƙulli ya wuce. Mu haɗu gaban Allah."

Liman ya yi ta ba shi haƙuri, ya ƙi. Ina tsaye a kan gawar ubana, tsakanina da Maccido bai fi taku biyar ba. Wanda ya hana ni magana ya tafi, ba sauran mai matse mini hannu. Kalma kaɗan ce: bai gani ba, ni na bar shi. Na dubi katangar gida, na san Kulu na bayanta da ku kuna ƙanana, na sunkuyar da kai. Aka yi salla, aka ɗauke shi, aka rufe shi da wannan maganar a kansa.

Maccido ya daɗe da rasuwa, bai ji ba. Amma 'ya'yansa na nan a Magarya, da sauran 'yan'uwan uwarku. Ban rubuta wannan don ku ajiye a akwati sai na mutu ba. Babbanku ya ɗauka ya tafi can, ya tara su, ya karanta musu tun daga farko, kada ya tsallake inda sunana yake. In sun gama ji suna da abin da za su faɗa mini, a gaya musu ƙafata ba ta kai ni ko'ina yanzu. Ina zaure kullum bayan la'asar, kuma kunnena na ji.